Na ɗora Ubuntu, sauti ya ɓace: ta ina zan fara nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi laftof ta hannu, mai Intel na ƙarni na 11, na ɗora mata Ubuntu 24.04 a gefen Windows. A Windows sauti yana fita lafiya lau, amma a Ubuntu shiru, kuma a wurin saitin sauti an rubuta "Dummy Output". Wani lokaci idan na sake kunna ta sai iyafis ya yi aiki amma lasifikar jikinta ta ƙi. Na kwafi umarni iri-iri daga intanet, babu abin da ya canza. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda sauti yana fita a Windows, lasifikarka da wayoyinta lafiyarsu ƙalau, kada ka bari wani ya buɗe maka bayan kwamfutar. Sai dai abin da nake so ka fara yi shi ne ka dakata da kwafo umarni. Mafi yawan shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne tun zamanin da Ubuntu ke amfani da manhajar PulseAudio wajen sarrafa sauti, alhali tun daga fitowar 22.10 ta koma wata sabuwa mai suna PipeWire. Wanda ya ce maka ka goge pulseaudio da alsa-base ka sake girka su, yana iya jawo maka cire wasu sassan tebur ɗin, wato fuskar Ubuntu da kake gani a allo, da suka dogara da su, ka wayi gari da matsala biyu. Idan ka riga ka ƙara wasu layuka a cikin fayilolin da ke /etc/modprobe.d/ ko a /etc/default/grub, koma ka cire su tukuna, domin duk gwajin da za mu yi a kan tsarin da aka riga aka yamutsa ba zai faɗa mana gaskiya ba.

Sauti a Linux hawa uku yake bi. A ƙasa akwai kanel, ƙwayar tsarin, wadda ke ɗauke da direbobin ALSA, wato ƙananan manhajoji masu magana kai tsaye da guntun sauti da ke kan bod. A tsakiya akwai PipeWire da mai kula da shi, WirePlumber, su ne ke haɗa sautin manhajoji daban-daban su tura shi inda ya dace. A sama kuma akwai manhajar da kake saurare da ita, ko burauza ce ko VLC. Kamar famfo ne ya ɗauke ruwa: kafin a fasa bango ana fara leƙa tanki. "Dummy Output" na nufin hawan tsakiya ya duba ƙasa bai ga na'urar da zai tura wa sauti ba, sai ya ƙirƙiri ta bogi don kada manhajoji su tsaya. Bai gaya maka dalili ba. Umarni ɗaya ne zai raba mana gardama. Buɗe taminal da Ctrl+Alt+T ka rubuta:

aplay -l

Harafin ƙarshen ƙaramin L ne, ba lamba 1 ba. Abu biyu ne zai iya fitowa. Ko dai ya ce "no soundcards found", wato kanel ɗin kanta ba ta ga katin sauti ba, ko kuma ya jero maka layuka masu farawa da "card 0", da suna irin su sof-hda-dsp ko HDA Intel PCH. Daga nan hanya ta rabu, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Mu fara da na farko, tunda shi ne ya fi dacewa da irin kwamfutarka. Laftof masu Intel na shekarun baya-bayan nan, musamman waɗanda makirufon jikinsu na dijital ne, ba sa tafiya da tsohon direban snd_hda_intel shi kaɗai. Akwai ƙaramin mai sarrafa sauti a cikinsu wanda sai an ɗora masa tasa manhajar duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ana kiranta Sound Open Firmware, a taƙaice SOF. Idan fayil ɗin nan babu shi, direban zai tashi, ya nema, ya rasa, ya haƙura, kati kuma ba zai bayyana ba sam. Ga yadda za ka gani da idonka:

sudo dmesg | grep -iE "sof|snd|hda"

Karanta layukan a hankali. Idan ka ga wani abu kamar "Direct firmware load for intel/sof/sof-tgl.ri failed with error -2", to ka kama ɓarawon. Lambar -2 a Linux ma'anarta ba a sami fayil ba, tgl kuma Tiger Lake ne, sunan da Intel ta ba ƙarni na 11 na laftof. Gyaran:

sudo apt install --reinstall firmware-sof-signed alsa-ucm-conf linux-firmware

sannan ka kashe kwamfutar gaba ɗaya ka kunna. Kunshi na biyun, alsa-ucm-conf, mutane suna raina shi, alhali shi ne ke gaya wa PipeWire wace kafa ce lasifika, wace ce iyafis, wace ce makirufo a katunan SOF. Idan babu shi kati zai iya bayyana a aplay amma saitin sauti ya ci gaba da nuna bogi. Ga masu wasu nau'o'in Linux, a Fedora sunan kunshin farko alsa-sof-firmware ne, a Arch kuma sof-firmware. Ka lura linux-firmware yana da nauyi, megabait ɗari da yawa ne, don haka ka tanadi data kuma ka tabbata batirin yana da caji kafin ka fara.

Wannan maganar caji ta kai mu ga dalili na biyu, wanda ya fi yawa a wurinmu fiye da yadda ake zato. Idan wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar sabunta tsari, ana iya girka sabuwar kanel ba tare da rakiyarta ba. A Ubuntu direbobi da yawa, har da na sauti, suna cikin wani kunshi daban mai suna linux-modules-extra, kuma kowace kanel da nata. Alamar wannan ita ce sauti ya ɓace kwatsam bayan sabuntawa, sau da yawa tare da Wi-Fi. Rubuta uname -r ka ga lambar kanel ɗin da kake kai, sannan dpkg -l | grep linux-modules-extra ka ga ko akwai mai lamba iri ɗaya da "ii" a farkon layinsa. Idan babu:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install
sudo apt install linux-modules-extra-$(uname -r)

Idan intanet ɗin ma ya tafi, sake kunna kwamfutar, a allon GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ko Windows ta tashi, ka shiga "Advanced options for Ubuntu", ka zaɓi kanel ɗin da ta gabata. Daga can sai ka girka kunshin, amma ka rubuta lambar sabuwar kanel da hannunka a madadin $(uname -r). Wannan shiga tsohuwar kanel gwaji ne mai daraja ko da ba wannan ce matsalar ba: idan sauti ya dawo a tsohuwa ya ɓace a sabuwa, ka san laifin daga sabuntawa yake, ba daga saitinka ba.

Akwai wata dabara da za ka gani ko'ina, kuma ina so ka san farashinta kafin ka taɓa ta. Ana ƙirƙirar fayil, misali /etc/modprobe.d/sauti.conf, a sa masa layi ɗaya:

options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1

a bi shi da sudo update-initramfs -u a sake kunnawa. Abin da layin ke yi shi ne tilasta wa kanel ta bar SOF ta koma tsohon direba. Lamba 1 tsohon direba ce, 3 SOF ce, 0 kuma a bar kanel ta zaɓa da kanta. Sau da yawa lasifika tana dawowa nan take, mutum ya yi murna, sai ranar da ya shiga taron Zoom ko kiran WhatsApp ya tarar ba a jin sa, domin makirufon dijital ta hanyar SOF kaɗai yake bi. A ganina wannan layin na gwaji ne, ko kuma na wanda ya gwada komai ya rasa kuma yana da makirufo na waje. Tsohon salonsa, dmic_detect=0, an daina amfani da shi, kuma illarsa ɗaya ce.

Yanzu kashi na biyu: aplay ya nuna kati amma babu sauti. Kafin komai, tunda kana da Windows a gefe kuma ka ce abin yana zuwa yana tafiya, ina zargin Fast Startup. Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya idan ka danna kashewa, tana yin rabin barci ne, kuma tana iya barin guntun sauti a wani yanayi da direban Linux bai san yadda zai tashe shi ba. Haka ma idan ka yi Restart daga Windows kai tsaye zuwa Ubuntu, wuta ba ta yanke wa guntun ba. Shiga Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ka cire alamar da ke kan "Turn on fast startup". Sai ka kashe kwamfutar, ka zare caja, ka danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 30, sannan ka kunna ka shiga Ubuntu kai tsaye. Wannan kaɗai yana warware matsalar mutane da dama masu tsari biyu, kuma ba ya ɓata komai.

Idan shirun ya ci gaba, rubuta alsamixer a taminal, shi ne allon daidaita ƙarar katin sauti. Danna F6 ka zaɓi katinka na ainihi, kada ka tsaya a kan "default", domin shi sanda ɗaya kawai zai nuna maka. Za ka ga sanduna a jere: Master, Headphone, Speaker, PCM da sauransu. Dubi ƙasan kowace. Idan an rubuta MM an toshe ta, idan OO ne a buɗe take. Matsa da kibiyar dama ko hagu zuwa kanta, danna M ta buɗe, kibiyar sama ta ɗaga ƙara. Kada ka kai Speaker ƙarshe, kashi 70 zuwa 80 ya isa gwaji, ƙananan lasifikun laftof ba sa son a matsa musu. Ci gaba da matsawa dama har ka iske "Auto-Mute Mode". Aikinsa shi ne kashe lasifika da zarar an soka iyafis. Mayar da shi Disabled ka saurara. Idan lasifika ta yi magana nan take, to kwamfutar tana ɗauka akwai iyafis a jiki alhali babu. Wannan ko dai kanel ce ta fahimci kafar ba daidai ba, ko kuma ƙura ce ta cika ramin ta danne ɗan ƙarfen da ke gane an soka wani abu, abin da ba baƙo ba ne ga kwamfutar da ta sha hunturu a buɗe. Tunda naka yana aiki a Windows, na farkon ya fi kusa, amma hura ramin da iska ba ya cin kuɗi. Kada dai a soka allura ko tsinken ƙarfe. Idan ka gama, fita da Esc ka adana da sudo alsactl store.

Don ka tabbatar hawan ƙasa lafiya yake, ka tsallake PipeWire ka yi magana da katin kai tsaye. Rufe burauza da duk abin da ke fitar da sauti, jira daƙiƙa kamar goma, sannan:

speaker-test -D plughw:0,0 -c 2 -t wav -l 1

Lambobin 0,0 su ne lambar kati da lambar na'ura kamar yadda aplay ya nuna maka. A laftof masu AMD sau da yawa kati na 0 na HDMI ne, na lasifika shi ne 1. Ya kamata ka ji murya tana cewa "Front Left" a hagu, "Front Right" a dama. Idan ya ce "Device or resource busy", wani abu ya riƙe katin, kuma sudo fuser -v /dev/snd/* zai faɗi sunansa.

Idan ka ji muryar, ka huta, sauran aikin mai sauƙi ne, matsalar tana hawan tsakiya. Girka pavucontrol, manhajar saitin sauti, ka buɗe shafinta na Configuration. A nan ake yawan samun katin an sa shi a Off, ko an bar shi a kan HDMI tun ranar da aka jona shi da talabijin ko majigi. Mayar da shi kan "Analog Stereo Duplex", ko kan wanda ya ambaci Speaker idan katin SOF ne. Ka guji "Pro Audio", na masu aikin situdiyo ne, ba ya sauyawa tsakanin lasifika da iyafis da kansa. A shafin Playback kuma duba ko manhajar da kake amfani da ita ba a toshe ta ita kaɗai ba, domin tsarin yana tuna ƙarar kowace manhaja daban. Idan saitin ya riga ya cakuɗe, share abin da WirePlumber ya haddace ka tashe shi sabo:

rm -r ~/.local/state/wireplumber
systemctl --user restart wireplumber pipewire pipewire-pulse

Ba a sa sudo a waɗannan biyun. Sabis ɗin sauti na mai amfani ne, ba na shugaban tsari ba, kuma tashin sa da sudo yana haifar da wata rigimar. Bayan haka wpctl status zai nuna maka jerin wuraren fitar sauti a ƙarƙashin Sinks, mai tauraro a gefe shi ne zaɓaɓɓe, kuma wpctl set-default tare da lambar wanda kake so zai sauya shi.

Saura yanayin da ya fi wahala, wanda kuma bayaninka ya taɓo: iyafis yana aiki, komai a buɗe yake a alsamixer, amma lasifika shiru, ko kuma tana fita siririya kamar daga cikin gwangwani. A nan sai an san ainihin guntun da ke ciki:

grep -iE "codec|subsystem" /proc/asound/card*/codec#*

Zai ba ka suna irin Realtek ALC236, ALC257, ALC287 ko ALC294, da wata lamba mai suna Subsystem Id. Abin da ke faruwa shi ne guntu ɗaya ana sa shi a laftof iri-iri, kowane kamfani kuma yana jona ƙafafunsa yadda ya ga dama. BIOS, manhajar da ke cikin bod mai tashin kwamfuta, ita ce ya kamata ta bayyana wace ƙafa ke zuwa ina, amma sau da yawa bayaninta ba daidai ba ne, direban Windows na kamfanin ne ke rufe kuskuren. Masu kula da kanel suna da dogon jeri na gyare-gyare, kowanne an ɗaure shi da Subsystem Id na wata laftof. Shi ya sa sabuwar kanel take gyara abin da babu wani saiti da zai gyara: an ƙara lambar kwamfutarka a jerin ne kawai. Ubuntu 24.04 ta fito da kanel 6.8, kuma kunshin linux-generic-hwe-24.04 yana kawo sababbi. Hanya mafi arha ta gwadawa ita ce ka sa Fedora ko Ubuntu mafi sabunta a filash, ka tashi kwamfutar daga kanta ba tare da girkawa ba, ka kunna wani abu. Idan sauti ya fita a can, sabuwar kanel kake bukata, ka daina wahalar da kanka da saiti.

Idan ba ka son jira, akwai hdajackretask, manhajar sauya aikin ƙafafun guntun sauti, a cikin kunshin alsa-tools-gui. Zaɓi guntun Realtek a sama, sa alama a "Show unconnected pins", sai ka ga ƙafafun da BIOS ta ce ba a jona su da komai ba. A guntayen Realtek galibi 0x14 ce lasifika, 0x21 iyafis, 0x19 makirufon iyafis, kuma 0x17 ita ce ake yawan jona lasifikun ƙasa masu kauri a laftof mai lasifika huɗu. Idan sautinka siriri ne, sa Override a 0x17, zaɓi "Internal speaker", danna "Apply now" ka saurara da ƙara ƙasa-ƙasa. Ƙafa ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, kuma kada ka danna "Install boot override" sai ka ji da kunnenka cewa ya yi. Idan "Apply now" ya ce na'urar tana aiki, PipeWire ne ya riƙe ta, sai ka tsayar da shi na ɗan lokaci.

Wasu sababbin laftof kuma, musamman sirara da na wasanni, suna da ƙaramar amfilifaya daban tsakanin guntun da lasifika, irin su Cirrus Logic CS35L41 ko Texas Instruments TAS2781. Iyafis ba ya bi ta cikinta, shi ya sa yake aiki. Ita tana bukatar nata direban da nata fayil daga linux-firmware, kuma hdajackretask ba ya yi mata komai. Bincika da sudo dmesg | grep -iE "cs35l41|csc3551|tas2781". Idan ka ga kuskure a nan, maganin sabuwar kanel ne da sabon linux-firmware, wani lokaci da sabunta BIOS daga shafin kamfanin. Ina roƙonka kada ka kwafi rubutun da ke aika lambobi kai tsaye zuwa amfilifaya wanda aka yi don wata laftof daban. Waɗannan amfilifayoyi su ne ke kare lasifika daga zafi da yawan ƙarfi, kuma lambar da ba tata ba tana iya ƙona ta. Haka nan ƙananan laftof masu arha da ke ɗauke da guntun Everest ES8336 sun daɗe suna ba masu Linux wahala. Idan naka ne kuma sabuwar kanel ba ta yi ba, ɗan katin sauti na USB yana aiki ba tare da girka komai ba, kuma ba abin kunya ba ne a yi amfani da shi.

Bayan sauti ya dawo kana iya jin "ƙas" duk lokacin da zai fara ko ya tsaya. Tanadin batir ne ke kashe guntun bayan ɗan shiru. Duba cat /sys/module/snd_hda_intel/parameters/power_save; idan ba 0 ba ne, sa layin options snd_hda_intel power_save=0 a fayil cikin /etc/modprobe.d/. Batir zai ɗan rage daɗewa kaɗan, kuma idan kana da TLP, shirin tanadin batir, zai iya mayar da saitin idan aka zare caja, sai an gyara a nasa fayil ɗin. Idan kuma tsatsa ce a tsakiyar sauti, rubuta pw-top a taminal ka dubi layin ERR, wanda ke ƙirga kurakurai. Idan lambar tana hawa, kwamfutar ba ta cika ma'ajin sauti a kan lokaci. Gwada pw-metadata -n settings 0 clock.force-quantum 2048, wanda ke faɗaɗa ma'ajin zuwa kusan milisakan 43 a kan 48000 Hz. Mai kallon bidiyo ba zai lura da jinkirin ba, kuma saitin yana gogewa da an sake kunnawa.

Na Bluetooth gajere ne: idan sauti ya koma kamar na tsohuwar waya da zarar ka shiga kira, ba lalacewa ba ce, iyafis ɗin ya sauka daga A2DP, yanayin sauti mai inganci, zuwa yanayin kira don ya buɗe makirufonsa. Zaɓi makirufon laftof a matsayin na shigarwa, sai ya zauna a A2DP. Idan ya haɗu amma bai bayyana a jerin ba sam, duba ko an girka libspa-0.2-bluetooth.

Ga naka yanayin, jerin da zan bi shi ne: cire duk abin da ka ƙara a baya, kashe Fast Startup, aplay -l, sannan dmesg. Gyara ɗaya, sake kunnawa ɗaya, ka rubuta abin da ka canza a takarda. Idan duk wannan bai yi ba, rubuta sudo alsa-info --no-upload, zai tara bayanan katin, guntun, ƙafafunsa da saƙonnin kanel a fayil ɗaya ya gaya maka inda ya ajiye shi. Turo wannan fayil tare da cikakken sunan samfurin laftof ɗin kamar yadda yake a takardar da ke manne a ƙasanta, da sakamakon uname -r, sai mu duba Subsystem Id ɗinka mu ga ko an riga an sa shi a kanel, kuma daga wace lamba.